La'adar Banki: Doka Ta Yarda, To Adalci Fa?

A kowace kasuwa ta ƙasar nan, tun daga Dawanau ta Kano har zuwa kasuwar Salka da ke ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, akwai wata tsohuwar ƙa'ida wadda ba a rubuce take ba, amma babu mai tsallake ta ya kwana lafiya da mutuncinsa. Ƙa'idar kuwa ita ce ta la'ada. Kafin a sallama kaya sai an faɗa a fili cewa la'ada ciki ce ko la'ada waje, domin mai saye da mai sayarwa kowa ya san wanda zai biya. Adadinta sananne ne ga kowa. Sa'an nan dillali ba ya miƙa hannu sai ciniki ya faɗa. Dillalin da ya kuskura ya zare wani abu a ɓoye daga kuɗin mai kaya, to sarkin kasuwa da idon jama'a sun ishe shi hukunci.

A yau babban dillalin da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne banki. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar 2023 ta wahalar 'yan kasuwa, wato watannin Janairu zuwa Maris na 2023, manoma da masu sayen hatsi a Salka da Ibeto da Auna da Nasko suka koma ala tilas ga tura kuɗi ta waya da kuma masu na'urar POS. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar banki ba ya wayi gari kuɗin masararsa da wakensa suna bi ta hannun banki, banki kuwa yana yankar rabonsa. Saboda haka ya zama wajibi mu yi tambayoyi biyu waɗanda sau da yawa ake cuɗa su wuri ɗaya. Shin doka ta halatta wannan yanka? In ta halatta, shin an yi adalci a cikinsa?

Kafin mu shiga amsa, ya kamata a ba bankuna haƙƙinsu. Aikin da suke yi ba kyauta yake zuwar musu ba. Suna sayen man gas domin injinan wuta, suna biyan masu gadi da ma'aikata, suna biyan kamfanonin sadarwa, suna kuma ɗaukar nauyin jigilar kuɗi a kan hanyoyin da rashin tsaro ya addaba. Ɗan kasuwar da a da yake ɗaure miliyoyin Naira a ƙugu ya kama hanyar Kontagora da zuciyarsa a hannu ya san darajar aika kuɗin nan cikin ƙiftawar ido. Babu mai hankalin da zai ce a yi masa wannan aiki a banza. Inda maganar take shi ne nawa za a biya, wa zai biya, kuma da sanin wa.

Ta fuskar doka, ikon ƙayyade caje-cajen bankuna yana hannun Babban Bankin Nijeriya. Shi ne ya fito da kundin ƙa'idojin caji a 2004, ya sabunta shi a 2013 da 2017, sa'an nan ya fitar da wani wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairun 2020. Kundin na 2020 ya ƙayyade Naira 10 a kan tura kuɗin da bai wuce Naira 5,000 ba, da Naira 25 daga nan zuwa Naira 50,000, da Naira 50 ga abin da ya haura haka. Ya sa kuɗin ba da katin cirar kuɗi Naira 1,000, kuɗin kula da katin kuwa Naira 50 a duk wata uku ga masu asusun ajiya. Ya kuma tanadi tarar Naira miliyan biyu a kan duk bankin da ya ƙetare iyaka. Wanda ya karanta wannan kundi zai ce ai magana ta ƙare. Sai dai tarihin wasu caje-caje guda uku zai nuna wa mai karatu yadda halascin yake samuwa a ƙasar nan.

Na farko shi ne la'adar juya kuɗi, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da COT. Shekara da shekaru bankuna suna cire Naira 5 daga kowace Naira 1,000 da ta fita daga asusun karant. A 2013 Babban Banki ya yi alkawarin kashe ta sannu a hankali: Naira 3 a wannan shekara, Naira 2 a 2014, Naira 1 a 2015, sa'an nan ta mutu a 2016. 'Yan kasuwa suka yi murna. Amma a cikin watan Janairun 2016, wato daidai lokacin da ya kamata a yi jana'izarta, sai aka ba bankuna izinin karɓar wani sabon abu da aka kira kuɗin kula da asusun karant, wanda ba zai wuce Naira 1 a kowace Naira 1,000 ba. An dai sauya wa tuwo suna. Mai sayen hatsin da ya juya Naira miliyan 20 a kaka ɗaya, a bisa wannan ƙa'ida zai biya Naira 20,000, ga kuma harajin VAT a kai, wanda tun daga Fabrairun 2020 ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, takardar ta ce wannan caji abin sasantawa ne tsakanin banki da mai asusu, Naira 1 ɗin kuwa iyaka ce ta sama. Manyan kamfanoni sukan zauna da manaja su nemi ragi. Ƙaramin ɗan kasuwa, da yake babu wanda ya gaya masa, shi ke biya cikakke.

Na biyu shi ne harajin kan sarki na Naira 50. A cikin watan Janairun 2016 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire Naira 50 a kan kuɗin da ya shiga asusu daga Naira 1,000 zuwa sama. Bayan wata uku kacal, a Afrilun 2016, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Legas, a shari'ar da ke tsakanin bankin Standard Chartered da kamfanin Kasmal, ta yanke hukunci cewa dokar kan sarki ta lokacin ba ta ɗora wa bankuna cire wannan kuɗi ba. Duk da haka ba a daina cirewa ba. Sai a Janairun 2020 ne aka sa hannu a kan dokar kuɗi ta 2019, wadda ta rubuta harajin a fili ta kuma ɗaga matakinsa zuwa Naira 10,000. Ma'ana, kusan shekara huɗu ana karɓar kuɗin jama'a kafin doka ta zo ta share masa hanya. Daga baya an mayar da shi harajin tura kuɗi ta na'ura, kuma a Disambar 2024 ya kai ga masu amfani da OPay da Moniepoint da PalmPay, waɗanda su ne bankin talakan karkara. Gaskiya ne wannan kuɗi aljihun gwamnati yake shiga, banki ɗan aike ne kawai. Amma ga mai asusu, hannun da ya gani a aljihunsa shi ya sani.

Na uku shi ne kuɗin cirar kuɗi a na'urar ATM ta bankin da ba naka ba. An soke cajin Naira 100 a Disambar 2012. An dawo da shi a matsayin Naira 65 a Satumbar 2014, bayan cira uku kyauta a wata. An rage shi zuwa Naira 35 a 2020. Sa'an nan daga ranar 1 ga Maris 2025 aka soke cira ukun nan na kyauta, aka sa Naira 100 a kan kowace Naira 20,000, tare da ƙarin da zai iya kai Naira 500 idan na'urar ba a harabar banki take ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai halal ne a ranar da aka ɗauke shi, domin takardar umarni ce ta zo da shi.

Darasin da ke cikin wannan tarihi a fili yake. Mafi yawan abin da bankuna ke cirewa yana da takardar da ta halatta shi, saboda haka mai neman ya kira su ɓarayi a gaban alƙali zai sha wuya. Amma halascin da takardar umarni guda ke kawowa yau, wata ta ɗauke shi gobe, ba zai zama ma'aunin gaskiya ba. Babban Banki yana zama da shugabannin bankuna a kwamitinsu na ma'aikatan banki a kai a kai. Manomin Salka da mai shagon Kontagora ba su da kujera a wannan zama. Lokutan da aka ji muryarsu su ne lokutan da suka yi kururuwa. A watan Yunin 2020 bankin Access ya cire wa masu asusu harajin kan sarki na watanni da dama a lokaci guda, jama'a suka yi caa, bankin ya mayar da kuɗin. A watan Mayun 2024 aka ba da umarnin cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari na duk kuɗin da aka tura da sunan harajin tsaron intanet, ƙasa ta ɗauki zafi, kafin wata ya ƙare aka janye umarnin.

Yanzu bari mu auna da mudun adalci. Babban aibin waɗannan caje-caje shi ne yawancinsu kuɗi ne tsayayye, ba ruwansa da girman ciniki. Matar da ɗanta ya aiko mata Naira 10,000 daga Minna, Naira 50 ta haraji rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari na kuɗin. Attajirin da aka tura wa Naira miliyan 10 shi ma Naira 50 ce a kan nasa, wato nauyin da ke kan kuɗin matar ya ninka nasa sau dubu. Haka nan a tsarin ATM na 2025, wanda ya ciri Naira 5,000 domin cefane ya biya Naira 100, kashi 2 ke nan cikin ɗari, alhali wanda ya ciri Naira 20,000 rabin kashi ɗaya ya biya. Masana tattalin arziki suna kiran irin wannan da haraji mai danne na ƙasa, domin duk yadda ƙarfin mutum ya ragu, haka rabon da ake karɓa daga gare shi yake ƙaruwa.

A ɗauki misali da manomin da ya sayar da hatsin Naira 100,000 a Salka, a lissafin farashin tsakiyar 2025. Mai saye ya biya Naira 50 ta turawa da VAT ɗinta. In da ƙaramar waya ya tura, ya biya Naira 6 da kwabo 98 na lambar USSD, cajin da aka ƙirƙiro a Maris 2021. An cire Naira 50 ta haraji. Saƙon alat ya ci Naira 6 a kowane ɓangare, domin a Mayun 2025 bankuna sun ɗaga shi daga Naira 4. Duk wannan bai kai Naira 150 ba, kuma mai yiwuwa wani ya ce ai ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. To amma manomin nan ba zai biya 'yan ƙwadago da lambobin waya ba, ba zai sayi gishiri da su ba. Dole ya nemi tsabar kuɗi. Rassan manyan bankunan yankin kuwa a garin Kontagora suka tattaru, zuwa can kuɗin mota ne da asarar yini guda. Sai ya nufi rumfar mai POS, kuma a nan ne babban yanka yake, wanda kan ninka duk waɗancan caje-caje sau da yawa, yana kuma hawa da sauka gwargwadon ƙarancin kuɗi a ranar.

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai POS laifin duka. Shi ma kamfaninsa yana cajinsa, shi ma yakan yi tafiya ya nemo kuɗin, wani lokaci har sayensu yake daga masu gidajen mai da manyan 'yan kasuwa, ga fargabar 'yan fashi. Abin lura shi ne, cajin da ya fi kowane ciwo ga mutumin karkara shi ne wanda idon hukuma bai cika kaiwa gare shi ba. A 1977 gwamnati ta tilasta wa bankuna buɗe rassa a karkara. A 1989 aka kafa Bankin Jama'a, a 1990 aka fito da bankunan al'umma. Bayan haɗewar bankuna ta 2005, wadda ta mayar da su 25 daga 89, hankalin manyan bankuna ya ƙara komawa birane. Tsarin wakilan banki da aka fito da ƙa'idojinsa a 2013 ya cike giɓin, amma ta hanyar sauke nauyin reshe daga kan banki zuwa kan talaka. Banki ya huta da gina ofis da biyan ma'aikata, ajiyar mutanen ƙauye kuwa ba ta daina shiga hannunsa ba.

Wani zai ce ai banki yana biyan mai ajiya kuɗin ruwa, saboda haka ƙwarya ta bi ƙwarya. A duba lissafin. Ƙa'idar da aka maido a 2022 ta ce a ba mai asusun ajiya aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan Babban Banki. A farkon 2025 ma'aunin yana kashi 27.5, wato mai ajiya zai samu kashi 8.25 a shekara, a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Mai Naira 20,000 a asusu zai samu Naira 1,650 a shekara. Kuɗin kati ya ci Naira 200, alat goma a wata ya ci Naira 720. In kuwa ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata, ruwan wannan wata ya faɗi. Bugu da ƙari, ɗimbin Musulmi a wannan yanki ba sa karɓar kuɗin ruwa ko kaɗan saboda addini. Banki yana juya ajiyarsu kyauta yana ba da rance da ita, amma caji ɗaya yake yi musu da kowa.

Abin da ya fi ɓata wa 'yan kasuwa rai shi ne biyan ladan aikin da ba a yi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuɗi ya fita daga asusun mai saye, bai shiga na mai kaya ba, mota tana jiran lodi, yamma tana yi. A watan Yunin 2020 Babban Banki ya ƙayyade cewa kuɗin da ya maƙale a na'urar ATM ta wani banki a mayar da shi cikin awa 48, na POS kuwa cikin awa 72. Duk mai harka a kasuwa ya san sau nawa ake wuce wannan wa'adi. Banki ba ya jinkirin daƙiƙa ɗaya wajen cire nasa. Me zai hana a ɗora masa tara ta kowace rana da ya riƙe kuɗin mutum, tarar kuma ta shiga asusun wanda aka ɓata wa ciniki kai tsaye?

Akwai kuma batun sani. Takardar buɗe asusu da Turanci take, da ƙananan haruffa. Saƙon alat da Turanci yake zuwa, cike da gajerun kalmomin da ko mai digiri sai ya yi tambaya. A garin da ake ciniki da Hausa, ake hira da Kambarci a gida, mene ne darajar sa hannu ko dangwala yatsa a kan sharaɗin da mutum bai ji ba? A kasuwa, cinikin da aka ɓoye wa ɗaya daga cikin masu shi adadin la'ada ana warware shi.

Wannan rikici ba Nijeriya kaɗai ya shafa ba. A Ingila hukumar kula da adalcin ciniki ta kai manyan bankuna ƙara a kan tarar da suke ɗora wa wanda ya ci fiye da abin da ke asusunsa. A watan Nuwambar 2009 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba bankuna gaskiya, bisa dalilin cewa dokar da aka dogara da ita ba ta ba hukumar ikon auna tsadar cajin ba. Kotun ba ta ce cajin adalci ne ba. Sai a 2020 hukumar da ke sa ido a kan harkokin kuɗi ta hana irin waɗannan tsayayyun caje-caje da ƙa'ida. Kusa da gida kuwa, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa ya wajabta wa bankuna, daga ranar 1 ga Oktobar 2014, su riƙa yin wasu ayyuka 19 kyauta, ciki har da buɗe asusu da rufe shi, da zuba kuɗi, da ba da takardar bayanin asusu ta wata-wata. Abin da aka iya rubuta wa ɗan kasuwar Maraɗi bai fi ƙarfin a rubuta wa na Kontagora ba. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da ba da ma'auni mai sauƙi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta yarda a karɓi ladan hidimar rance matuƙar bai wuce ainihin abin da aka kashe ba. Ko ba Musulmi ba zai ga hikimar wannan: a nuna abin da aka kashe, sa'an nan a nemi lada.

Saboda haka muna kira ga Babban Banki da ya riƙa buga lissafin abin da kowace hidima ke ci wa banki kafin ya amince da sabon caji, ya kuma zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na manoma kamar yadda yake zama da shugabannin bankuna. Ya kamata a samar da asusun talaka wanda ƙananan hada-hadarsa ba su da caji ko kaɗan, a kuma wajabta liƙa jadawalin caji da Hausa da sauran harsunan gida a kowane reshe da kowace rumfar POS. Bankin da ke karɓar ajiyar mutanen wata ƙaramar hukuma, a ɗora masa alhakin kai wa wakilansa tsabar kuɗi a can.

Su kuma 'yan kasuwa, akwai abin da ke hannunsu tun yanzu. Kowa ya nemi takardar bayanin asusunsa ya zauna da yaronsa mai ilmi su bi ta layi-layi, su tara abin da aka cire a shekara. Mai juya kuɗi da yawa ya je ya nemi ragi, musamman in ƙungiya ce ta tafi da murya ɗaya, domin bankin da zai raina mutum guda ba zai raina masu hatsi ɗari ba. Wanda ya ga cajin da bai gane ba ya rubuta koke ga bankinsa, ya karɓi lambar shaidar koken, ya adana kwafi. In banki bai warware ba cikin wa'adin da aka ɗiba masa, sai a kai maganar Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki, wanda aka kafa a 2012, kuma yana da ikon sa a mayar da abin da aka cira fiye da ƙima. Kada a bar abin ya daɗe, domin tun 2015 aka sa wa irin wannan koke iyakar shekara shida.

Daga ƙarshe, ya kamata bankuna su tuna cewa jarinsu na gaskiya shi ne amanar masu ajiya. Dattawan da suka ga rufe bankuna 26 a Janairun 1998 ba su manta ba, kuma har yanzu akwai manomin da ya gwammace ya mayar da kuɗinsa shanu ko ya bar hatsinsa a rumbu da ya kai su inda za su riƙa raguwa ba da saninsa ba. Da yayyafi kogi kan cika, Naira hamsin-hamsin ɗin nan ita ke tara wa bankuna da gwamnati biliyoyi. In ana so mutanen Salka su ci gaba da kawo kuɗinsu da son ransu, sai a yi musu abin da dillalin kasuwarsu yake yi musu tun kaka da kakanni: a faɗa musu la'ada kafin ciniki, a karɓe ta bayan aiki ya kammala.